Jinjina ga Masu Lissafin Kalandar Sin

Duk shekara, tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, lokacin da hunturu ya fara sassautawa, ɗaruruwan miliyoyin Sinawa kan kama hanyar gida domin bikin sabuwar shekara, su rufe shi da bikin fitilu a daren sha biyar ga wata. Ba kasafai ake tuna waɗanda ke tsayar da ranar ba, wato masana taurari na cibiyar Zijinshan da ke birnin Nanjing, wadda aka buɗe a 1934. Aikinsu ba wasa ba ne. Ba sa jiran ganin jinjirin wata da ido kamar yadda muke yi a azumi. Watansu yana kamawa ne ranar da rana da wata suka haɗu. Sannan dole daren da ya fi kowanne tsawo a shekara ya faɗo cikin wata na 11, shi ya sa ake ƙara wata guda kusan sau 7 cikin shekara 19.

Wani zai ce ai kwamfuta ce ke wannan aiki yanzu, mene ne abin yabo? Gaskiya ne tana ƙirga motsin wata daidai, amma ba ta yanke hukunci. Shekarar 2033 ta isa hujja: tsofaffin ƙa'idojin sun ba da damar fahimta biyu kan inda watan ƙari zai zauna, aka yi ta muhawara, har masana suka tsayar da shi bayan wata na 11, saɓanin wasu tsofaffin littattafan kalanda da suka sa shi bayan na 7.