Gwanintar Mai Shela

Idan Majalisar Tarayya ta zartar da doka shugaban ƙasa ya sa hannu, ko wata hukuma ta fitar da sabuwar ƙa'ida, akwai inda ake buga ta: Gazet, jaridar gwamnatin tarayya, wadda ke fita da lamba da kwanan wata, ita ce kuma lauya ke ɗagawa a gaban alƙali. Daga Ingila muka gaji al'adar, can tasu ke fitowa tun 1665. A Amurka wata doka ta 1946 ta wajabta wa hukumomi su fara buga daftarin ƙa'ida, su ji ta bakin jama'a, sannan su zartar. A nan gida ma hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da hukumar sadarwa ta NCC sukan fitar da daftari su ba da wa'adin kawo ƙorafi.

Sai dai Gazet da Turanci take, Turancin ma na lauyoyi. Ƙaramar hukumar Rimin Gado da ke kan hanyar Gwarzo, mutum 104,790 aka ƙirga a cikinta a 2006, akasarinsu manoma, kuma ba mai kai musu Gazet Gulu ko Jili ko Ƙarofin Yashi. Magana ta baki take iso musu. Takarda ta zo wa hakimi, hakimi ya tura wa dagatai, dagaci ya kira masu unguwanni, daga nan sai mai shela ya ɗauki lasifika ya shiga kasuwa, ko liman ya faɗa bayan an idar da Juma'a, ko mai karanta sanarwa a Rediyon Kano ya karanta. Wannan mutum na ƙarshe, wanda maganar ke fita daga bakinsa, aikinsa ya fi yadda ake ɗaukarsa wuya.

Gwanin shela ba ya buɗe baki sai ya san takardar ciki da bai. Idan bai iya Turanci ba, zai zaunar da malamin makaranta ko magatakardan hakimi a karanta masa, ya yi ta tambaya har ya tsamo abin da mai sauraro ke bukata: wa ya ce, wa abin ya shafa, zuwa yaushe, ina za a je. Shafi uku sai ya dawo magana biyar, kuma ba a zubar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yakan fara da mai maganar. Masu shelar da can da "Sarki ya gaishe ku" suke buɗewa, don a san ba zancen shaci-faɗi ba ne. Na yau yakan ambaci hukumar da sunanta, ya ce ta hannun hakimi saƙon ya biyo, saboda duk wanda ya yi shakka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wajen kwanan wata ne ake gane gwani. Tsohuwar da ke sayar da daddawa ba da lissafin Janairu da Fabrairu take aiki ba. Sai ya faɗi ranar da watan Bature, ya faɗi ta watan Musulunci, ya ce ranar kaza ce a mako, sannan ya ƙara da cewa saura kasuwa biyu. Ya matsa gaba, layin 'yan hatsi, ya maimaita, ya je kara wajen dabbobi ya sake maimaitawa, ba tare da lafazin ya canza ba.

Canjin kuɗi ya nuna darajar wannan aiki. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023. Aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Buhari ya ce tsohuwar 200 kaɗai a ci gaba da karɓa har 10 ga Afrilu. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce duka ukun suna nan har ƙarshen shekara. Magana ɗaya ta juya sau uku cikin 'yan makonni, a kan mutanen da dukiyarsu ke ƙulle a lalita, banki kuma sai an yi tafiya. Wanda ya iya shela a lokacin shi ne ya ce takardu uku ne kawai, naira 100 zuwa ƙasa ba ruwansu. Shi ne ya faɗi cewa wakilan banki na canza har naira 10,000 ga mutum ɗaya a karkara. Shi ne kuma da wa'adi ya canza ya koma ya ce na jiya ya tashi, ga na yau, ga wanda ya faɗa. Inda aka rasa irinsa, jita-jita ce ta yi aikin, 'yan kasuwa suka daina karɓar kuɗin tun wa'adi bai cika ba, talaka ya kwana da yunwa da kuɗi a aljihu.

Akwai kuma abin da na fi yaba wa masu shela a kai, wato raba abin da aka yanke da abin da ake neman shawara a kansa. Dokar zaɓe ta 2022 ta sa hukumar zaɓe ta INEC ta kafe rajistar masu zaɓe don jama'a su duba, kuma an kafe ta a Nuwamban shekarar. Mai shelar da ya ce "an fitar da sunaye" ya yi rabin aiki. Gwani cewa yake a je a duba, wanda bai ga sunansa ba ko ya ga na mamaci ya yi magana kafin rana kaza, bayan nan ƙofa ta rufe.

Aikin yana da asali. Tun a 1939 Abubakar Imam ya fara bayyana wa masu karatun Gaskiya Ta Fi Kwabo manufofin hukuma daga Zariya, da Hausar da kowa ke ganewa. Hukumar wayar da kan jama'a ta NOA, da aka kafa a 1993, an ɗora mata irin wannan nauyi har matakin ƙananan hukumomi. Kirana ga hukumomin Abuja shi ne, duk ranar da suka fitar da sanarwa ko daftari, su fitar da na Hausa tare da shi, da boko da ajami, ya isa ofishin hakimi tun da sauran lokaci, kuma a riƙa biyan masu shela haƙƙinsu.