Mace da Gwagwarmaya a Dandamali: Daga Ramin Kwal na Parkside Zuwa Masaƙun Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi nazarin wani wasan kwaikwayo na Ingila mai suna Queens of the Coal Age, wanda Maxine Peake ta rubuta, sa'an nan a auna shi da wasanninmu na Hausa ta fuskar matsayin da ake ba mace. An fara sa wasan a rediyon BBC cikin 2013, aka kuma nuna shi a dandamalin Royal Exchange na birnin Mancesta cikin 2018.

2.0 Tushen Wasan

A watan Oktoba na 1992 gwamnatin Birtaniya ta ba da sanarwar rufe ramukan haƙar kwal 31. Matan mahaƙa, waɗanda suka kafa ƙungiya tun lokacin yajin aikin 1984 zuwa 1985, suka sake ɗaura ɗamara. A lokacin hutun Ista na 1993 mata huɗu, watau Anne Scargill da Dot Kelly da Elaine Evans da Lesley Lomas, suka shiga ramin Parkside da sunan malaman makaranta ne masu ziyara. Da suka isa ƙarƙashin ƙasa sai suka ce ba su fita. Sun yi kwanaki a ciki, amma duk da haka an rufe ramin a wannan shekara.

3.0 Jigo da Zubi

Jigon wasan shi ne jimiri. Marubuciyar ba ta yi wa tarihi kwaskwarima don ta ba matan nasara ba. Ta tsare su a wuri ɗaya mai sanyi da duhu, ta bar masu kallo su ga yadda raha da gardama da tsoro ke juyawa a tsakaninsu. Wannan zubi yana da amfani, domin ƙuncin wurin shi ke tilasta kowace ta fito da halinta. Amma yana da illa. Abokin gaba na ainihi, watau gwamnati, yana can nesa a Landan, saboda haka rikicin ya koma na cikin gida, har a wasu fitowa barkwanci yakan so ya danne maganar abincin iyali da aka shigo dominta.

4.0 Kwatanci da Wasannin Hausa

In muka duba wasannin da muke koyarwa a kwalejojinmu, za mu ga kukan mace ba ya wuce gida da gaban alƙali. A Uwar Gulma na Mohammed Sada, Halima tana shan wuya a hannun Hayatu, kuma makaminta bai wuce komawa gidan iyaye ba. A Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, macen da ke da bakin magana ita ce aka nuna ta rusa gidan attajiri. Watau dai mace ko dai abar tausayi ce, ko abar tsoro. Yaji, wanda shi ne boren da al'ada ta yarda wa matar aure, bore ne na mutum ɗaya, kuma da biko yake ƙarewa. J. P. Clark, a The Wives' Revolt, ya mai da yaji na gayya, inda matan gari suka fice baki ɗaya saboda rabon kuɗin kamfanin mai. Matan Parkside kuwa sun juya shi ne: maimakon fita, sai suka ƙi fita.

Ba rashin abin rubutawa ke damunmu ba. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri cikin 1957, ta tsaya cikin 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta. An sha ganin tsofaffin ma'aikata da matan waɗanda suka rasu suna neman haƙƙinsu. Ofisoshin gwamnati da majalisa da gidan rediyon da ya reni Samanja duk suna wannan ɓangare na Doka, gada kawai ta raba su da Kakuri. Marubucin da ya ɗauko waɗannan mata ya tsallako da su gada ya tsira daga illar da muka ambata, domin mai kuka da wanda ake kai wa kukan za su tsaya a dandamali ɗaya.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfin wasan Peake yana cikin gaskiyar da ya riƙe, rauninsa kuma yana cikin nisan abokin gaba. Shawararmu ga malaman wasan kwaikwayo ita ce su tura ɗalibai su saurari matan Kakuri da bakinsu kafin a ɗora alƙalami, kamar yadda 'yan Jami'ar Ahmadu Bello suka yi da manoman ƙauyukan Zariya tun wajen ƙarshen shekarun 1970. Shekarun waɗannan mata suna ja, kuma in sun tafi, da labarin za su tafi.