Fasali cikin jayayyar malaman Nasara biyu a kan zaɓin bawa

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ka sani, ya kai almajiri, malaman Nasara sun saɓa cikin mas'alar ƙaddara, kuma mafi shaharar jayayyarsu ita ce ta Irasmus mutumin Holanda da Luta mutumin Jamus. Irasmus ya wallafa littafi cikin tabbatar da zaɓi a shekara ta 1524 Miladiyya, Luta ya yi masa raddi a 1525, su duka da harshen Latin.

Hujjar Irasmus umarni ce da hani. A wurinsa, in bawa ba shi da iko ko kaɗan, umarni ya zama wasa, azaba ta zama zalunci. Ya buga misali da uba wanda ya nuna wa ƙaramin ɗansa ɗan itace, ya ɗaga shi, ya riƙe shi har ya kai gare shi. Na ce: misalin yana da daɗi, sai dai ya raba aiki guda tsakanin Ubangiji da bawa, babban rabo da ƙarami, kamar masu tarayya cikin gona. Wa ya halicci ƙaramin rabon? Bai warware wannan ba.

Amma Luta, ya kamanta nufin mutum da dabbar hawa: in Allah ya hau ta tafi inda ya so, in Shaiɗan ya hau haka nan, ba ta zaɓen mahayi. Ya bar wa bawa zaɓi cikin lamarin gida da dukiya, ya hana shi cikin tsira. Umarni kuwa, a faɗarsa, an saukar da shi don bawa ya ga gazawarsa. A nan ƙafarsa ta zame. In an umarci gurgu da gudu don ya san gurguntakarsa, da wane laifi za a kama shi? Da tambaya ta ƙuntata masa, sai ya fake da ɓoyayyen nufin Ubangiji wanda ba a bincikensa. Ga ganina dai ya fi abokin jayayyarsa ƙarfin hujja cikin girmama ikon Allah.

In ka ce: ashe Luta Jahmu ɗan Safwan ne ya dawo? Sai in ce: kada ka yi gaggawa. Asalin Jahmu shi ne babu mai aikatawa a haƙiƙa sai Allah. Luta kuwa, tare da hujjarsa ta rigayen sanin Allah, ya jingina ga zunubin gado, wanda ya ɗauko daga Agustinu bishop na Hippo, garin Annaba a ƙasar Aljeriya, wanda ya mutu a 430: wai nufin 'yan Adam duka ya ɓaci da saɓon Annabi Adamu. Wannan asali babu shi ga Jabriyya, balle ga Ash'ari mai tabbatar da kasbu. Wanda zai yi wa Luta raddi, to ya fara daga nan. Allah ne mafi sani.