Kambamar Zulaƙe: Ma'anarta da Asalinta

Sau da yawa ɗalibai kan tambaya, in maroƙi ya ce da manomi ya fi ƙarfin ƙato ɗari, ashe ba ƙarya ya shara ba? Manufar wannan takarda ita ce amsa tambayar nan, domin in an yarda ƙarya ce, to, an tozarta kirari da waƙar baka baki ɗaya.

Kambamar zulaƙe ita ce a faɗi abu fiye da yadda yake don ya shiga zuciyar mai sauraro. Alal misali, akan ce kasuwa ta cika ba masaka tsinke, ko kuwa "na shekara ina jiranka". Ba wanda zai ɗauko tsinke ya gwada, ko ya ƙirga watanni.

Sunan ya bazu a makarantu ta hanyar ayyukan Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, musamman Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Larabawa kuwa mubalaga suke ce mata. Ibnul Mu'utazz ya kawo ta cikin Kitabul Badi'i a shekarar 887, daga baya Alƙazwini, wanda ya rasu a 1338, ya kasa ta uku: tabligi, watau abin da hankali da al'ada suka yarda zai yiwu, igraƙi, wanda hankali ya yarda amma ba a saba gani ba, sai guluwwi, wanda ba zai yiwu ba sam.

Ganin haka, wasu kan zaci aro muka yi. A ra'ayina, rabe-raben ne kawai za a ce mun koya daga malaman balaga. Adon kansa ɗan gida ne, ga shi nan cikin kirarin maharba da 'yan tauri da kiɗan gayya. Bakandamiyar Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtuwa ya rasu a 1999, cike take da shi, alhali Shata bai yi karatun boko ba.

To, ina bambancinta da ƙarya? Maƙaryaci yana so a gaskata shi ne, don haka yakan tsaya kusa da abin da zai yiwu. Mai kambamawa kuwa da gangan yake wuce gona da iri, don kowa ya gane ado ne. Shi ya sa guluwwi ya fi nisa da yaudara. Haɗarin yana ga tabligi, inda maroƙi kan laƙaba wa rowaci kyautar da bai yi ba, jama'a kuma su yarda. Nan ne ya kamata mai nazari ya sa ido.