Tsarkin Ubangiji a Matsayin Dalilin Bauta: Nazarin Ra'ayin Rudolf Otto Bisa Ma'aunin Nassosin Baibul

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga fagen nazarin kwatanta addinai a jami'a ba ya daɗewa sai ya ci karo da sunan Rudolf Otto, malamin tauhidin Kirista ɗan ƙasar Jamus, wanda ya wallafa littafinsa Das Heilige a shekarar 1917, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1923. Littafin ya tsayu a kan tambaya guda: mene ne tsarki, kuma me ya sa ɗan Adam yake sunkuyar da kai gabansa? Amsar da Otto ya bayar ta yi tasiri ƙwarai, har ta kai ɗalibanmu suna ɗaukar ta tamkar ita ce bayanin ƙarshe game da tsarkin Ubangiji a Baibul. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan amsa da nassosin da shi kansa ya jingina da su, domin a ga inda ya dace da inda ya kauce. Ba mu shiga wannan fage don mu gaskata littattafan Ahlul Kitabi ko mu ƙaryata su baki ɗaya ba, domin hadisin da Buhari ya ruwaito ya hana mu yin ɗayan biyun a kan abin da Alƙur'ani bai yanke hukuncinsa ba. Abin da muke nema shi ne adalci wajen karanta nassi, ko da ba namu ba ne.

Matsalar kalmar tsarki

Kafin a shiga bayanin Otto, akwai tarnaƙin da mai karatu da Hausa ya kamata ya sani. Kalmar tsarki a Hausa tana ɗauke da kaya biyu. Da ita muke fassara ɗahara, wato wanke najasa da gusar da hadasi, da ita kuma muke fassara tasbihi da taƙdisi. Ibrananci, kamar Larabci, ya raba su. Yana da kalmar kadosh, wadda tushenta ɗaya ne da na Alƙuddusu a Larabci, yana kuma da tahor, 'yar'uwar ɗahir. Littafin Firistoci, sura ta 10, ya ɗora wa 'ya'yan Haruna aikin bambance abubuwa ta fuska biyu: keɓaɓɓe ga Ubangiji da na gama-gari, sannan mai tsabta da mai ƙazanta. Saboda haka idan Baibul ya siffanta Ubangiji da kadosh, ba tsabtar alwala ake nufi ba. Ana nufin ɗaukakarsa da keɓantarsa daga dukkan halitta. Wanda ya karanta fassarar Hausa, wadda aka kammala bugunta na farko a 1932, bai kuma kula da wannan bambanci ba, zai iya rage ma'anar ta koma tsabta kawai.

Abin da Otto ya ce

Otto ya lura cewa mutanen zamaninsa sun mayar da tsarki daidai da kyawun hali, har idan aka ce Ubangiji mai tsarki ne, abin da suke ji shi ne cewa Shi nagari ne matuƙa. Ya ce wannan bai wadatar ba. A ganinsa, a ƙarƙashin kalmar akwai wani yanayi na zuciya da hankali ba ya iya kewaye shi: bawa ya tsinci kansa gaban wani sirri da ya saɓa wa komai, wanda yake razana shi, yake kuma jan shi a lokaci guda. Daga nan bawa yake jin shi ba komai ba ne, daga wannan ji kuma bauta take fitowa.

Babbar hujjarsa ita ce sura ta 6 ta littafin Ishaya. An ba da labarin cewa a tafiyarsa ta 1911 ya ji ana rera kalmomin wannan sura a wata majami'ar Yahudawa a Maroko, abin ya ratsa shi. Surar ta ce a shekarar da sarki Uzziya ya rasu, wajen shekara 740 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Ishaya ya ga wahayi a cikin Haikali. Ya ga mala'iku masu fikafikai shida, biyu suna rufe fuska, biyu suna rufe ƙafafu, biyu suna tashi da su, suna kiran juna suna ambaton tsarkin Ubangiji sau uku. Ginshiƙan ƙofa suka girgiza, ɗakin ya cika da hayaƙi, Ishaya ya ga halakarsa ta zo. Daga wannan sura Yahudawa suka ɗauki addu'ar Kedusha, Kiristoci suka ɗauki Sanktus, sura ta 4 ta littafin Wahayin Yahaya ma ta maimaita siffar.

Inda ya dace

Wajibi ne a ba Otto haƙƙinsa. Akwai nassosi a Baibul da ba za a fahimce su da ma'aunin kyawun hali kaɗai ba. A littafin Sama'ila na biyu, sura ta 6, wani mutum mai suna Uzza ya miƙa hannu ya tallafi akwatin alkawari don kada ya faɗi, nan take ya mutu. A littafin Fitowa an kafa iyaka kewaye da Dutsen Sina, aka hana mutum da dabba taɓa shi. Wannan kwarjini ne da yake hana kusanta ba tare da izini ba, Otto kuma ya yi daidai da ya tunatar da masu karatunsa cewa bautar da babu tsoro a cikinta ta rasa wani rukuni. Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan ma'ana, domin Suratul A'araf ta ba mu labarin yadda dutse ya niƙe, Annabi Musa (AS) ya faɗi sumamme, kuma da ya farfaɗo abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne tasbihi da tuba.

Inda ya kauce

Kuskuren Otto yana cikin yadda ya jera al'amarin. Ya ɗauka cewa razana tsantsa ita ce asali, wadda ta faro daga tsoron aljanu da dodanni a wurin mutanen farko, sannan daga baya aka riƙa cika ta da ma'anonin adalci da rahama. Wannan zato ne da ya aro daga ra'ayin bunƙasar addini mataki-mataki da ya mamaye Turai a ƙarni na 19, nassosin kuwa ba su tilasta shi ba.

A dubi surar Ishaya kanta. Abin da ya razana Ishaya ba girma ne kawai ba. Ya ambaci dalilinsa, wato ƙazantar leɓɓansa da na mutanen da yake zaune a cikinsu. Wannan ikirarin zunubi ne. Maganin da aka yi masa ma ya nuna haka: mala'ika ya ɗauko garwashi daga bagade ya taɓa bakinsa, aka sanar da shi an kawar da laifinsa, sannan aka aike shi da saƙo. Sura ta 5 da ta gabace ta cike take da tofin Allah-tsine ga masu haɗiye gonakin talakawa da masu karɓar rashawa su wanke mai laifi, a nan ne kuma aka ce da adalci ne tsarkin Ubangiji yake bayyana.

Zabura ta 99 ta fi fitowa fili, domin ita ce waƙar da ta mayar da tsarki amshinta har sau uku, kowane amshi kuma yana biye da kiran yabo ko sujada. Kashin farko yana maganar rawar jikin al'ummai da girgizar ƙasa, wanda shi ne abin da Otto yake so. Amma kashi na biyu ya kafa dalilin yabon a kan cewa Sarkin yana son adalci, ya kuma tsayar da gaskiya. Na uku ya ambaci Musa da Haruna da Sama'ila, yadda suka yi kira aka amsa musu, da yadda Ubangiji yake gafartawa yake kuma hukunta laifi. Wanda ya ɗauki kashin farko ya bar biyun ya karanta sulusin waƙar ne.

Haka nan sura ta 19 ta littafin Firistoci. Ta buɗe da umartar Bani Isra'ila su zama tsarkaka domin Ubangijinsu mai tsarki ne, sai ta zayyana yadda za a yi: girmama iyaye, barin kalar gona ga matalauci da baƙo, biyan ɗan ƙwadago hakkinsa kafin gari ya waye, hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, da cika mudu da ma'auni. A nan tsarki da gaskiyar kasuwa suna cikin sura ɗaya.

Wannan kuskure ya haifar da wani da ya shafe mu kai tsaye. Otto ya ɗora Kiristanci a ƙololuwar matakalarsa, ya kuma siffanta Allah a Musulunci da cewa kwarjini ne tsantsa da iko mai rinjaye, irin wanda bai gama cika da ma'anonin hankali da ɗabi'a ba. Sunan Alƙuddusu ya zo sau biyu a Alƙur'ani, kuma duba wuraren biyu ya isa raddi. A ƙarshen Suratul Hashri ya zo bayan ambaton rahama, sunan Assalamu da Almu'uminu suna biye da shi. A farkon Suratul Jumu'a ya zo tare da Alhakimu, ayar da ke biye kuma tana maganar aiko Manzo mai karanta ayoyi, mai tsarkake mutane, mai koyar da littafi da hikima. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya riga Otto da ƙarni takwas wajen bayyana cewa Alƙuddusu ya wuce duk abin da gaɓɓai ko tunani za su riska, har ya nuna a Almaƙsadul Asna cewa taƙaita sunan a kan kore aibi kaɗai ya yi kusa da rashin ladabi, kamar a yabi sarki da cewa shi ba masaƙi ba ne. Duk da haka bai raba wannan ɗaukaka da rabon bawa na tsarkake iliminsa da nufinsa ba.

Batun maimaitawa sau uku

Ya dace a taɓo wata fassara da ɗalibai kan ci karo da ita, wato cewa ambaton tsarki sau uku a Ishaya ishara ce ga aƙidar Triniti, kamar yadda malaman Kirista na farko da dama suka fahimta. Harshen nassin bai nuna haka ba. Maimaitawa salo ne na ƙarfafa magana a Ibrananci: littafin Irmiya ya maimaita kalmar ƙasa sau uku a sura ta 22, ya maimaita ambaton Haikali sau uku a sura ta 7, babu kuma wanda ya ce ƙasa uku ko Haikali uku ake nufi. Fassarar Yahudawa ta Aramiyanci ta fahimci ukun da ma'anar tsarki a sama, da ƙasa, da har abada. Babban kundin Ishaya da aka gano a kogon Ƙumran a 1947 ma sau biyu kalmar ta zo a cikinsa. Mu kanmu muna da ruwayar Nasa'i cewa Annabi (SAW) yakan yi tasbihi ga Sarki Alƙuddusu sau uku bayan wutiri, alhali shi ne shugaban masu tauhidi.

Kammalawa

Littafin Otto ya cancanci karatu, domin ya dawo da kwarjini cikin maganar bauta a lokacin da aka kusa mance shi. Sai dai ya raba abin da nassosin suka haɗa. A Ishaya da Zabura da Firistoci, ana yabon Ubangiji don ya ɗaukaka bisa halitta, kuma don hukuncinsa adalci ne, gafararsa gaskiya ce, ba a gabatar da ɗaya a jinkirta ɗaya ba. Darasin da ɗalibinmu zai ɗauka ya wuce Otto: kada a karɓi hukuncin wani masani a kan wani addini sai an koma ga nassin an karanta abin da ke gaba da abin da ke baya. Wanda ya yi wa Baibul wannan adalci shi ne zai iya neman a yi wa Alƙur'ani irinsa. Allah ne Mafi sani.