Masu karanta ganyen kainuwa

Akwai wata kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, da ta mamaye ruwayen Afirka har ta iso kogin Neja a Yamai. In ta rufe ruwa, kwalekwale ba ya wucewa, taru ba ya shiga. Daga can garinsu aka ɗauko mata magani, wani ɗan ƙwaro mai dogon baki da ake kira Neochetina. Sakinsa a ruwa ba wuya. Gwanintar da ke burge ni ita ce ta masanan da ke bin sahunsa su gane ko yana aiki.

Ƙwaron da dare yake kiwo, da rana ya lafe a gindin ganye. Don haka gwani ba ya ɓata lokacin nemansa. Sai ya tsamo kainuwa ɗaya, ya tsallake sabon toho, ya kama ganye na biyu, ya ƙirga 'yan tabon da ƙwaron ya kankare. Tsohon ganye tsohon labari yake bayarwa, wannan kuwa na kwanan nan. Daga nan ya tsaga karan da wuƙa. In ya tarar da hanya baƙa-baƙa, tsutsar ƙwaron ta bi ta ciki ke nan, kuma ita ce mai kisan, domin ruwa da ruɓa ta nan suke shiga.

Amma tabo ɗaya ba ma'anarsa ɗaya ba a ko'ina, kuma a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. A tafkin Biktoriya, inda aka saki ƙwaron wajen 1995, akwai zafi, ga igiyar ruwa mai farfasa kainuwar da ta raunana ta nutse. Kafin shekarar 2000 ta ja baya ƙwarai. A madatsar Hartbeespoort kusa da Pretoriya kuwa, sanyin hunturu yana karya ƙwaron, ƙazantar gari da ke kwarara ciki tana yi wa kainuwar taki, sai ta riƙa fitar da ganye fiye da yadda ake cinye shi. A ruwa mara zurfi ma, inda saiwa ta nutse cikin laka, tsutsar ba ta samun wurin rikiɗa, domin a jikin saiwar take yin gidanta.

Shi ya sa kafin ya rubuta komai, gwani zai ja saiwar ya ga tsawonta. Doguwa tana nufin ruwan ba abinci, kainuwar na cikin wahala. In gajeriya ce, ganye shar, ya san ƙwaro kaɗai ba zai iya ba, sai an tare dattin da ke shigowa.