Gwanintar Ja Da Baya: Yadda Manyan Sarakunan Yaƙi Ke Fitar Da Runduna Daga Bakin Halaka

A watan Jimada Ula na shekara ta 8 bayan Hijira, wato 629 Miladiyya, Musulmi 3,000 suka ja daga da Rumawa da ƙabilun Larabawan da ke mara musu baya a Mu'uta, kusa da garin Karak a ƙasar Jodan ta yau. Abokan gaba sun ninka su sau da yawa. Zaidu ɗan Harisa ya riƙe tuta har ya yi shahada. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karɓa, shi ma ya bi shi. Abdullahi ɗan Rawaha ya ɗauka, bai daɗe ba ya faɗi. Jagorori ukun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa tun daga Madina duk sun riga mu gidan gaskiya. Sabit ɗan Aƙram ya ɗaga tutar, ya nemi jama'a su tsai da shugaba, aka damƙa ta ga Khalid ɗan Walid, mutumin da watanni kaɗan ke nan da musuluntarsa.

Khalid ya yi faɗa a ranar har takubba tara suka karye a hannunsa, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari. Jarumtar hannu ke nan, kuma jarumai suna da yawa. Abin da ya fifita shi ya zo ne bayan dare ya raba faɗa. Ya duba ya ga cewa ci gaba da gwabzawa yana nufin ƙarewar rundunar baki ɗaya, juya baya kuma a buɗaɗɗen fili yana nufin mahayan Rumawa za su bi su suna sara har sai hannu ya gaji. Sai ya nemi hanya ta uku. Marubuta tarihin yaƙoƙi, irin su Waƙidi, sun ruwaito cewa ya sauya wa kowa wuri: na dama suka koma hagu, na hagu suka koma dama, 'yan gaba suka koma baya, 'yan baya suka fito gaba. Da gari ya waye, Barumen da ya wuni jiya yana kallon wasu fuskoki da wasu tutoci sai ya ga baƙin fuskoki da sababbin tutoci a gabansa, zuciyarsa ta raya masa cewa gudummawa ta iso cikin dare. Daga nan Khalid ya fara janyewa sannu a hankali, sahu bai wargaje ba, ana ja ana faɗa. Rumawa suka yi shakkar bin su cikin hamada don tsoron kwanton ɓauna. Rundunar ta koma Madina, kuma shahidan da malaman tarihi suka lissafa ba su wuce goma sha biyu ko kusa da haka ba.

Wannan ita ce gwanintar da nake son mai karatu ya tsaya ya ƙare wa kallo, domin a duk sana'ar yaƙi babu wadda ta kai ta wuya. A yaƙin takobi da mashi, yawancin kisa yana faruwa ne bayan sahu ya karye. Muddin mutum yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa, garkuwarsa na gabansa, kashe shi sai an sha wuya. Da zarar ya juya, bayansa a buɗe yake, kuma tsoro ya fi annoba saurin yaɗuwa. Mutum ɗaya ya jefar da garkuwa ya ruga, goma su bi shi, kafin ƙiftawa da bismilla runduna ta zama taron mutane masu neman tsira da rai. Aikin sarkin yaƙi a wannan sa'a shi ne ya sa dubban mutane masu jin tsoro su nisanci abokin gaba ba tare da ɗayansu ya sheƙa a guje ba. Hausawa suna cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ragon yana ja ne idonsa a kan abokin karonsa, ƙahonsa a gaba, kuma haka rundunar gwani take janyewa.

Sharaɗin farko shi ne sanin lokaci. Wanda ya janye da wuri ya bar nasarar da take hannunsa, wanda ya makara kuma ba zai sami abin janyewa da shi ba. Khalid ya sake nuna wannan ido a Sham a shekarar 636. Da Sarkin Rum Hiraƙal ya tara gagarumar runduna, Musulmi suna warwatse a garuruwan da suka ci. Shi da Abu Ubaida ɗan Jarrah suka bar Himsa, suka bar Dimashƙa, suka tattara kowa a kudu kusa da kogin Yarmuk, inda hamada ke bayansu. Sakin birnin da aka zubar da jini kafin a same shi abu ne mai ɗaci. Amma a watan Agusta na wannan shekara aka yi kwana shida ana gwabzawa a Yarmuk, aka karya Rumawa, garuruwan da aka saki suka dawo, Sham kuma ta fita daga hannun Rum.

Sharaɗi na biyu shi ne masu tsaron baya. Dole a sami wasu da za su tsaya su tare hanya har sauran su yi nisa, sannan su ma su zame, su sake tsayawa a gaba. Waɗannan ne ke kwana ba barci, su ne na ƙarshen cin abinci, su ne na farkon shan wuta. Gwanin kwamanda ba ya ba kowa wannan aiki sai wanda ya fi amincewa da shi. A 1812, bayan mummunan karon Borodino na ranar 7 ga Satumba, Janar Kutuzof na Rasha ya yanke shawarar barin Mosko ga Nafoliyon don ya tsira da rundunarsa. Tsaron baya ya ba Janar Miloradobic, wanda ya aika wa Murat, shugaban mahayan Faransa, cewa in aka matsa musu za su yi faɗa titi-titi har birnin ya zama kufai. Murat ya sassauta, sojan Rasha suka fice da igwoyinsu.

Abin da Kutuzof ya yi bayan nan shi ne sharaɗi na uku, wato ɓad da sawu. Ya fita ta hanyar Riyazan, kudu maso gabas, kamar can ya nufa. Sai ya karkata da babbar rundunar ya yi yamma, ya bar mahayan Kosak suna ci gaba da bin hanyar farko. Faransawa suka bi ƙurar dawakin, suka yi kwanaki ba su san inda rundunar Rasha ta shiga ba. Kafin su farga Kutuzof ya kafa sansani a Tarutino, ya tare hanyar lardunan kudu masu abinci, yana hutar da mutanensa yana ƙara sababbi. Ranar 19 ga Oktoba Nafoliyon ya bar Mosko, aka tare shi a Maloyaroslabes, ya koma ta hanyar da ya riga ya cinye a zuwa. Yunwa da sanyi da mahayan Kosak suka ƙarasa abin da ya saura.

Wanda yake son ganin wannan dabara da idonsa, ya leƙa ramukan yaƙi na Galifoli a ƙasar Turkiyya, a watan Disamban 1915. Sojojin Birtaniya da na Ostireliya da Niyu Zilan sun yi wata takwas maƙale a gaɓar teku, Turkawa na saman tudu, a wasu wurare tsakaninsu bai wuce jifa da dutse ba. Janar Hamilton, wanda ya jagorance su da farko, ya yi hasashen cewa kwashe su zai iya cin rabin rundunar. Birgediya Brudenell White ya tsara aikin a gaɓar Anzak. Tun a Nuwamba aka fara yin shiru na kwanaki, ba harbi ba motsi, duk Baturken da ya leƙo ya ga ko sun tafi sai ya sha wuta. Ta haka aka koya wa Turkawa cewa shiru ba alamar tafiya ba ne. Da dare ana sulalewa zuwa jiragen ruwa, an naɗe takalma da tsumman buhu, ana bin layin garin fulawa ko gishiri da aka zuba a ƙasa don kada a ɓata a duhu. Da rana ana hura wuta a murhun tantunan da babu kowa a ciki.

A daren ƙarshe aka yi amfani da dabarar wani ƙaramin soja, William Scurry. Ana kafa bindiga a bakin rami, a ɗora gwangwani cike da ruwa a sama, a huda gindinsa. A ƙarƙashinsa akwai wani gwangwanin wofi da aka ɗaure da igiya zuwa kunamar bindigar. Ruwa na ɗiga, na ƙasa na ƙara nauyi, can bayan mai ita ya yi nisa sai nauyin ya ja kunama, bindiga ta tashi ita kaɗai. Zuwa asubahin 20 ga Disamba an kwashe mutum kusan 80,000 daga gaɓar Anzak da ta Subla, kusan ba tare da asarar rai ba. A duk yaƙin Galifoli, babu abin da aka tsara ya tafi daidai kamar ficewar.

Sharaɗi na ƙarshe yana cikin ƙirjin shugaban ne, wato iya haɗiye zargi. Mai kai hari ko ya mutu za a yi masa kirari. Mai janyewa kuwa gori ke jiransa a gida. Da rundunar Mu'uta ta iso Madina, wasu suka tarye ta suna watsa mata ƙasa, suna kiran su magudana, har sai da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kare su, ya nuna cewa masu komawa fagen fama ne da yardar Allah. A sanadin wannan yaƙin ne Khalid ya sami laƙabin Takobin Allah. A Rasha, Barclay de Tolly, wanda ya janye da runduna tun daga kan iyaka har ya wuce Simolensk, an kira shi matsoraci, wasu ma suka ce maci amana ne, aka ɗora Kutuzof a kansa. Rundunar da Barclay ya ƙi salwantarwa ita ce ta tsaya a Borodino, kuma shi ne ya shiga Faris da sojan Rasha a 1814.

Wannan darasi ya taɓo kakanninmu. A watan Maris na 1942 aka ba Janar William Slim ragowar rundunar Birtaniya a Boma, Japanawa sun riga sun ci Rangun. Ya ja ta ɗaruruwan mil ta cikin daji da zazzaɓi, ya haye kogin Cindiwin, ya shiga Indiya a watan Mayu daidai saukar damina. Mutanen sun iso a rame, cikin tsumma, amma da bindigoginsu a kafaɗa kuma a cikin sahu. A kan wannan harsashi ya gina Runduna ta 14, wadda a cikinta aka sa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a kwarin Kaladan, ta 82 kuma ta biyo baya zuwa Arakan. Dubban 'yan Arewa na cikin waɗannan sojoji, su ne tsofaffin 'yan Boma da aka sani a garuruwanmu, kuma sunan barikin Arakan da ke Legas daga can ya samo asali. A 1944 aka karya Japanawa a Imfal da Kohima, a Mayun 1945 Rangun ta dawo.

Don haka idan ana lissafin manyan sarakunan yaƙi, garuruwan da mutum ya ci rabin labarinsa ne. A tambaya kuma yadda ya yi a ranar da ƙasa ta juya masa baya, da yawan 'ya'yan mutane da ya mayar wa iyayensu da rai. Kowane soja amana ne a hannun wanda ke ba shi umarni, kuma shugaban da ya san lokacin da zai ja, ya san yadda zai ja, ya kuma jure abin da za a faɗa a kansa, shi ne ya cika wannan amana.